Dambun Inna ta Bakin Tsamiya

Tun da muka dawo daga Sabuwa ban sami shan shayi da zafinsa ba. Da na zauna a teburin mai shayi na tasha sai wani ya jawo benci ya ce, "Malam Sule, wai da gaske ne Alhaji Garba ya yi noma da babbar riga?" Kafin in kai rabin amsa wani ya iso, a ce in koma farko. Na ba da labarin nan har muryata ta dishe, kuma duk wanda ya ɗauka ya tafi da shi sai ya ƙara masa gishiri. Jiya na ji ana cewa wai kura ta bi mu. To, ga shi nan a rubuce. Wanda ya sake tambayata zan miƙa masa takarda in ci gaba da shayina.

Ni malamin firamare ne a Ƙanƙara. Tun shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi kuɗi suka cika gari, kowa ya sayi rediyo mai cin kaset, masu ƙarfi suka sayi babur, sai na lura mutane sun sami abin kashewa amma ba su san inda za su nufa da shi ba. Na ƙirƙiro 'yar takarda mai shafi ɗaya, na sa mata suna Zaɓin Mako. Duk jajibirin kasuwa nakan buga ta a injin juya takarda na ɗakin karatun gari, in liƙa ɗaya a ƙofar ɗakin, ɗaya a tasha. A ciki nake gaya wa jama'a littafin da za su karanta, kiɗan da za su saurara, fim ɗin da za su kalla, da inda za su je su ci su sha. Wanda bai iya boko ba a karanta masa. Takarda ta karɓu, kaina kuwa ya yi girma har hulata ta so ta matse ni.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ta kudu ban taɓa wuce 'Yargoje ba. Abin yabon da ke cikin Ƙanƙara ya ƙare mini cikin wata biyu. Daga nan na koma dogaro da Isa direba, mai babbar motar da ke ɗauko siminti daga bakin teku, wanda yakan tsaya tasharmu ya karya. Isa mutum ne mai baki. In ya kwatanta maka tsire sai ka shinshina rigarka. Shi ya faɗa, ni in rubuta, in ƙara da cewa na gani da idona.

Wata safiya ya daɗe yana juya cokali a kofi, sannan ya ce, "Malam, akwai wata tsohuwa a Sabuwa, Inna ta bakin tsamiya. Dambunta na zogale, wallahi daga nan har teku ban ci irinshi ba." Bai ce tana sayarwa ba, bai ambaci kasuwa ba. Ni ne na rubuta, "Ku je kasuwar Sabuwa, ku tambayi kowa." A ganina, ina kuma mutum zai sami dambu in ba a kasuwa ba?

Alhaji Garba ɗan kwangila ne, shi ne shugaban kwamitin ɗakin karatu, kuma mabuɗin injin nan a aljihunsa yake kwana. Ya yarda da takardata fiye da yadda ni na yarda da ita. Ranar da ya dawo daga Sabuwa ko gida bai shiga ba, ya zarce majalisarmu ya tsaya a kaina.

"Malam Sule, mi na yi maka? Baƙina huɗu daga Kano, manyan mutane, na kwashe su da yunwa har Sabuwa. Mun zagaye kasuwa sau ukku, ba Inna ba tsamiya. Rogo muka ci da ƙuli, a tsaye!"

Majalisa ta fashe da dariya. Alhaji ya zaro mabuɗin ya kaɗa shi a gaban hancina. "Gobe da sahe ni da kai za mu tahi. Duk abin da ka rubuta na hanyar nan sai ka nuna mani shi. In ba dambu, ba mabuɗi. Kuma ni da bakina zan hau bencin ga ranar kasuwa in ce malamin da ke koya ma ɗiyanmu maƙaryaci ne."

Na ruga tasha neman Isa, aka ce ya yi kudu tun shekaranjiya. Na ji tsoro ƙwarai, domin a garinmu malamin da aka kira maƙaryaci a kasuwa sai dai ya nemi canjin makaranta.

Muka tashi da hantsi cikin motar Alhaji, fara sabuwa dal, ko ledar kujeru ba a cire ba. Damina ce, ga zufa, ga leda, duk kwanar da aka sha sai in zame in faɗa kafaɗarsa. Alhaji bai daɗe da koyon tuƙi ba, kuma mutum ne mai son jama'a. Duk wanda ya ɗaga masa hannu a bakin hanya sai ya saki sitiyari ya jinjina masa da hannu biyu. Kafin mu fita daga gari na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

A 'Yargoje Allah ya fara rufa mini asiri. Na taɓa rubuta cewa akwai Bafulatana a gindin ɗorawa mai fura da nono, sanyinta kamar daga firji. Sai ga ɗorawa, sai ga Bafulatana, ta binne ƙwaryarta har wuya a cikin jiƙaƙƙen yashi. Na sauka daga mota ina tafiyar wanda ya saba zuwa, na ce, "Ga ta nan, Alhaji, kamar kullum." Matar ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baƙo, daga ina?" Na yi tari. Alhaji bai ji ba, kansa na cikin ƙwarya. Ya shanye ɗaya ya ce a dama ta biyu, ya goge gemu ya ce, "Hura gaskiya ce. Saura dambu."

Wannan kalmar, saura dambu, ita ce ya yi ta bi na da ita duk tsawon tafiyar.

Sheme gari ne na bakin titi, kowa da abin sayarwarsa, manyan motoci jere kamar shanu a mashaya. A nan na aika mutane wurin wani mai littattafai, na yabi wani littafin labari na ce ya hana ni cin abinci. Muka sami mutumin ya baza hajarsa a tabarma. Alhaji ya ɗauki littafin ya jujjuya, ya dube ni ta gefen ido. "To, Malam, ya labarin ya ƙare?"

Na karɓa zan leƙa shafin ƙarshe da wayo, sai na ga babu shi. Na ɗauki wani, shi ma babu. Mai littattafan ya yi dariya ya cire hularsa, sai ga shafukan a ninke a ciki, kowane littafi da nasa. "Mutanen nan sai su tsaya su karance mani littahi a tsaye su tahi," in ji shi. "Shi ya sa na tsare ƙarshe. Wanda ya saya, in ba shi." A Ƙanƙara da an yi haka da an kai ƙara wurin hakimi, amma a Sheme kowa ya san tsarin, har akwai masu sayen littafi su bar masa ajiyar ƙarshen sai sun dawo daga Gusau. Na gyara murya na ce wa Alhaji ba kyau a ɓata wa mai sana'a ciniki da faɗin ƙarshen labari. Mai littattafan ya riƙe hannuna yana sa mini albarka.

Murnata ba ta daɗe ba. A bayan masallaci akwai mai zanen bayan manyan motoci, wanda na rubuta cewa zakinsa kamar zai diro ya cafke mutum. Ashe takardata ta jawo masa direbobi, ya daɗe yana neman hanyar gode mini. Da ya ji ni ne Malam Sule, ya ga na fito daga farar mota, sai ya ɗauka tawa ce. Muka shiga sallar azahar, muka tsaya cin tsire. Muna dawowa muka tarar da taron jama'a a bayan mota, da mai zane tsaye da buroshi yana murmushi. Ya zana mana zaki a murfin but, kyauta.

Ban taɓa ganin zaki ba, amma na tabbata shi ma mai zanen bai taɓa gani ba. Dabbar tana da gemun bunsuru da idon mage, kuma kamar dariya take yi. Alhaji ya dafe kai. "Motata! Ko ledarta ban cire ba!" Mai zanen ya durƙusa yana ba da haƙuri. Sai wani tsohon direba ya matso ya ce, "Alhaji, motar da ke da zakin Sheme ɓarawo ba ya taɓa ta, don duk ƙasar nan an san ta." Alhaji ya zagaya ya sake duban dabbar, ya karkata kai. "Amma dai ya yi mashi haƙora masu kyau," ya ce. Muka tashi, jama'a na yi mana tafi.

Muka ratse zuwa Faskari, can muka kwana a gidan wani aminin Alhaji. Mutanen Faskari suna da wata al'ada da ta kusa kashe ni. Mu a gida maƙwabci yakan aiko wa baƙo da kwano ya koma abinsa. Su kuwa mai kwanon da kansa yake zuwa ya zauna, ya zuba maka ido, ya ga ko tuwon gidansa ka fi ci ko na maƙwabcinsa. Kwano bakwai na ƙirga, magidanta bakwai a zaure. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina yi wa kowa adalci, loma biyar biyar, har numfashi ya gagare ni.

Bayan magariba aka kai mu kallon fim a wani kangon gida da aka kewaye da zana. Mai injin nuna fim yana da janareto da farin ƙyalle da fim ɗin Indiya guda ɗaya, wanda na yaba makonni uku da suka wuce na ce ba mai kallonsa bai yi hawaye ba. Fim ɗin a faifai huɗu yake, kuma alamar da ke jikinsu ta goge tuntuni, saboda haka duk wanda hannunsa ya fara kaiwa shi yake ɗorawa. A ranarmu jarumin ya mutu tun farko, aka yi ta kuka, sannan ya yi aure, sannan aka haife shi. Mai injin yana tsaye a gefe yana fassara da ƙarfi, bai ko girgiza ba. "To jama'a, Allah ya tashe shi, ga shi ya tahi neman aure!" Mutanen Faskari sun ce sun kalla sau goma kuma kullum sabon labari ne. Alhaji ya yi dariya har hawaye suka jiƙa masa gemu. Muna fita na nuna masa idonsa na ce, "Ranka ya daɗe, na ce hawaye, ga hawaye." Ya ce, "Saura dambu."

Yanzu ga maganar babbar riga. Na rubuta a takarda cewa wanda ke son kiɗa na gaske ya je Mairuwa ya zauna ya saurari Baba mai gangar noma. Kalmar "ya zauna" ita ma tawa ce. Da safe muka isa, Alhaji cikin shadda mai aiki, rungume da rakoda zai ɗauki kiɗa. Aka ce Baba yana gona, ana gayya. Muka bi sautin ganga har muka tarar da maza sun jeru a gonar dawa, kowa da garma, ƙasa na tashi. Alhaji ya sami inuwa ya ajiye rakoda ya danna, ya harɗe ƙafa.

Baba ya tsayar da ganga. Duk gona ta juyo. "Alhaji, kiɗan ga ba na zaune ba ne," ya ce. "Wa ya haihe ka?"

Alhaji ya faɗi sunan mahaifinsa da na kakansa. Baba ya zaro ido. "Kai jikan Barau ne, wanda ke noma gona biyu kahin hantsi? Ni na yi mashi kiɗa ina saurayi!" Ya juya ganga ya saki wani take da ban taɓa ji ba. Na ga kafaɗar Alhaji ta fara rawa. Na ga ya cire agogo. Kafin in ce wani abu ya tsuma, ya naɗe babbar riga ya ƙulle ta a ƙugu, ya fizgi garma daga hannun wani ya faɗa kunya yana kuwwa. Mutumin da a Ƙanƙara ko butarsa ba ya ɗauka da kansa! Ina cikin dariya na ji an danƙa mini tawa garmar. Na ce ni malami ne. Aka ce malam ma yana cin tuwo.

Kunya uku na yi hannuna ya yi bororo. Alhaji ya yi tara, shaddar ta koma kalar ƙasa. Rakodar kuwa tana gindin bishiya tana aikinta, kuma kaset ɗin yana nan, wanda ke so ya je ya roƙi Alhaji. Ganga kaɗan ce a ciki, sauran duk nishina ne. Da muka koma mota yana haki, fuskarsa kamar ta ango, ya ce rabonsa da jin daɗi irin wannan tun yana yaro. Na yi tsammanin zai yafe mini. Ya tada mota ya ce abin da kuka sani.

Bayan Funtuwa kwalta ta yi mana sallama. Daga Dandume zuwa gaba laka ce da ramuka, ga rake da dogayen ciyayi a dama da hagu, ƙasar ta fi tamu ruwa nesa ba kusa ba. Sau biyu muka kafe, sau biyu na tura da hannun nan mai bororo. Kusa da Sabuwa muka iske shingen masu duba amfanin gona, sun gitta gora a hanya. Babbansu ya zagayo bayan mota zai ce a buɗe but, sai ya tsaya. "Alhaji, wannan kyanwar fa?" Alhaji ya fito a fusace. "Zaki ne! Ba ka ga haƙora ba?" Suka yi ta dariya har suka manta da binciken, suka ɗage gora, suka ba mu mazarƙwaila.

Ni dai ban iya cin tawa ba. Tun da na hangi rufin gidajen Sabuwa dariya ta ƙare mini. Duk abin da ya wuce wasa ne, a nan ne sunana zai tsaya ko ya faɗi.

Muka zagaya kasuwa, masu dambu uku, ba wadda ta san wata Inna mai sayarwa. Alhaji ya daina yi mini magana, sai kaɗa mabuɗi a aljihu. Bayan la'asar na ga wani tsohon wanzami yana wasa aska a ƙofar masallaci. Na gaji da tambayar mai sayar da dambu, sai kawai na ce, "Baba, don Allah ina tsamiya take a garin nan?"

Ya dube ni ya dubi motar. "Kai ne mai takardar? To Allah ya kawo ka. Ka ƙarar mana da zogalen unguwa."

Ya shige gaba muka bi shi ta lungu har bayan gari. Ga tsamiya, ga ɗan gida na ƙasa, ga bishiyar zogale ta leƙo ta kan katanga, an tsige ta tas sai 'yan ganye a can ƙoli. A hanya ya gaya mana Inna ba ta taɓa sayar da ko loma ba. Amma tun da takardata ta fito, duk mai naci da ya gano gidan yakan yi sallama ya ce dambu ya zo ci, ita kuwa ba ta iya korar baƙo. Ta ciyar da direbobi, ta ciyar da malaman asibiti, ta ciyar da wasu 'yan kasuwa daga Malumfashi, ba ta karɓi ko kwabo ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Inna ta fito, 'yar tsohuwa ƙarama mai dogara sanda, ta gaishe mu kamar ta san da zuwanmu. Na fara ba da haƙuri ta ɗaga hannu. "Ku ci tukuna, ɗana. Madambaci na bisa wuta."

Zan faɗi gaskiya, tun da gaskiya ce ta kai ni can. Dambun yana da daɗi: tsakin masara ya turaru ya yi washar-washar, zogale ya ji gyaɗa da albasa, man ƙuli yana ƙamshi. Amma ban ce daga nan har teku babu irinsa ba. Gwaggona tana yin wanda ya kusa kai shi. Alhaji dai bai ɗago ba sai da ya ga ƙasan kwano. Ya waiga ya hangi wani akushi a rufe da faifai a kan 'yar kujera, ya miƙa hannu yana dariya. "Inna, wancan ma namu ne?"

"A'a, Alhaji. Wannan da mai shi."

Ta faɗa a hankali, amma Alhaji ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Ta zauna a bakin ƙofa tana gyara bakin zanenta. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Shi wanda ya ba ka labarin nan, motar tashi lahiya take?"

Na ce lafiya lau, na ga ma ya sa mata sababbin tayoyi.

"Madalla. Tana tsayawa dai ana ba ta ruwa? Don na ji an ce hanyar da nisa."

Na ce tana tsayawa. Ta gyaɗa kai, ta tashi ta shiga ciki.

Ina shirin yi wa wanzami raha a kan tsohuwa mai son mota sai na ga ya sunkuyar da kai. "Isa ɗanta ne," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ɗan hwari. Ka san ba ta kama sunanshi, ba ta tambayar lahiyarshi, ko a gaban wa. Tun da ya kama jigilar siminti damina biyu ke nan bai taka garin ga ba. Kullum ta yi dambu sai ta zuba mashi a akushin nan ta ruhe, in gari ya waye ta ba maƙwabta. Baƙin naka kuwa, tana ciyar da su ne don ta san daga bakin wa suka ji."

Wata da watanni ina zaune da Isa ina kwashe maganarsa, ban taɓa tambayarsa daga wane gari yake ba. Mutum yana gaya mini yana kewar uwarsa ta hanyar da ya iya, ni kuwa na mai da ita talla.

A mota Alhaji ya daɗe bai tada inji ba, kuma ya yi ta gyaran madubin da ba abin da ya same shi. Sannan ya zaro mabuɗin injin juya takarda ya ajiye a cinyata. "Dambu gaskiya ne, kasuwa ƙarya ce, kuma ƙaryar taka ce. Na ara maka na mako guda. Ka gyara abin da ka ɓata."

Zaɓin Mako na wannan makon shi ne mafi gajarta da na taɓa bugawa. Ba littafi, ba fim, ba kiɗa. Na rubuta cewa ni Malam Sule na yi ta yabon abin da ban gani ba, kuma daga yau sai inda ƙafata ta taka. Na ce dambun Sabuwa ba na sayarwa ba ne, kada kowa ya sake zuwa. A ƙasa na ƙara layi ɗaya: akwai akushi a rufe a gidan, kullum ana zuba wa mutum ɗaya, kuma ya san kansa.

An yi mini tsiya a majalisa, na sha, na kuma cancanta. Kwana tara bayan nan motar Isa ta tsaya a tasha da safe, maƙare da siminti za ta Katsina. Ya zauna aka haɗa masa shayi, ya ce kamar yadda ya saba, "Malam, karanta mani, mi muka ce a wannan makon?" Na ciro tsohuwar takardar daga aljihu, don na hana a yar da ita, na karanta masa tun daga sama. Ya yi dariya a wurin da na tona kaina. Da na kai layin ƙarshe sai cokalin ya tsaya a hannunsa.

"Ta ce wani abu?"

"Ta tambayi mota," na ce. "Ko tana tsayawa ana ba ta ruwa."

Ya ajiye kofin a cike. Muna kallo ya hau, ya yi ta fama da sitiyari har ya juya ƙatuwar motar nan a tsakiyar tasha, ya mai da hancinta kudu. Alhaji Garba yana tsaye a bayana ban sani ba. Na miƙa masa mabuɗinsa, tun da makon aro ya wuce. Bai karɓa ba, idonsa na kan hanya.

"Riƙe," ya ce. "Dambu ya isa wurin mai shi."